Mai Suwaita da Rumbun Muryoyi

Yayana ma'aikacin gidan rediyo ne, amma ko sau ɗaya ba a taɓa jin muryarsa a iska ba. Aikinsa a wani ɗaki yake can ƙarshen baranda, ɗakin da ba taga, sai sanyi kamar cikin firji da rurin fankokin na'urori. Ko ana zafin da kwalta ke narkewa, da rigar sanyi za ka gan shi, har sunan ya bi shi: Mai Suwaita. Mu ma a gida haka muka koma kiransa, har Inna da ta haife shi.

Da gyaran rediyo ya fara, ya koma kwamfuta, ya yi ta karatun yamma har ya samu takarda. Da gidan rediyon ya yanke shawarar kwashe tsofaffin kaset-kaset zuwa kwamfuta, shi aka damƙa wa haɗa rumbun adana su. Na taɓa kai masa saƙo na tarar da shi zaune dirshan cikin kwalaye, wayoyi rataye a wuya kamar mai tallan igiya, yana zura faifai ɗaya bayan ɗaya cikin wani akwatin ƙarfe mai tsayin mutum. Ya ce faifan nan riƙe suke da juna. In ɗaya ya mutu, ko biyu, sauran za su sake gina abin da ke cikinsu. Bayan haka akwai kwafi na biyu da ke tafiya ta waya zuwa wani gini.

Na ce, "To in uku suka mutu fa, Yaya?"

Ya ce, "Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Miƙo min sukudireba."

Shekaru aka ɗiba ana juye kaset: hira da tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya, waƙoƙi, wasannin kwaikwayo, gaishe-gaishen masu sauraro. Da aka gama, aka zubar da kaset ɗin, don yawancinsu sun yi funfuna, ɗakinsu kuma ya zama ofis.

Rurin fankokin nan ne ya cinye masa kunne, a hankali, ba tare da kowa ya farga ba. Matarsa, wadda muke kira Anti, ita ta fara lura. Za ta yi ta magana daga kicin, shi yana zaune kamar gunki. In an yi masa zancen asibiti sai ya ce mu ne ba ma buɗe baki. A wurin aiki ya koyi kallon leɓe da gyaɗa kai. Tsoro yake ji kada a ce kurma ba zai yi aiki a gidan rediyo ba.

Wata safiya dattijuwar da ke share baranda ta tare shi a bakin ƙofa, ta ɗaga murya yadda ta saba yi masa.

"Injiniya, wai abin nan naka ba ya gajiya da kuka ne? Tun kafin a yi wa baranda fenti yake ƙara, na ɗauka ka sani."

Ya buɗe murfin akwatin. Fitila biyu sun yi ja. Faifai biyu sun mutu, ba a san tun yaushe ba, na'urar tana ta kiransa da siririyar ƙarar da kunnensa ya daina kamawa. Saƙon gargaɗin da ya kamata ya shigo masa ta waya kuma ya daina zuwa tun da aka canza wa ma'aikata layi. Shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin lafiya.

Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya kashe rumbun ya kwafe komai a tsanake, shirye-shirye su tsaya, kowa ya san abin da ya faru. Ko ya zura sabbin faifai, na'urar ta gina kanta ana ci gaba da aiki. Ya tuna da kwafin da ke ɗaya ginin, ya zaɓi ta biyu. Amma wannan gina kan da na'urar ke yi yana sa tsofaffin faifan aiki tuƙuru, ga shi duk sa'o'in juna ne, rana ɗaya aka sayo su. Washegari da rana tsaka na uku ya mutu.

Da gudu ya tsallaka titi zuwa ɗaya ginin. Sunayen shirye-shirye suna nan reras a allo, amma duk wanda ya buɗe sai ya tarar wayam. Kwafin ya tsaya tun farkon aikin, bayan wani canjin kalmar sirri, sunaye kawai ke wucewa, kuma bai taɓa gwada dawo da ko waƙa ɗaya daga can ba.

Da ƙafarsa ya je ofishin manaja.

"Ranka ya daɗe, ban ji ba."

"Ba ka ji me ba?"

"Komai. Na daɗe ba na ji."

Ba a kore shi ba, don ba wanda ya san cikin na'urar kamarsa. Aka ce ya tsamo abin da zai tsamu. Ya tsamo kuwa, amma guntu-guntu, ba suna, wasu ba kai, wasu ba ƙarshe. Sai an saurari kowanne kafin a san ko mene ne, shi kuma ba kunne. Wata tsohuwar mai gabatar da shirin yara da ta yi ritaya, wadda kowa ke kira Gwaggo, ita ta riƙa zuwa tana zama kusa da shi, lulluɓe da bargo, abin saurare a kunne. Ta ji, ta juyo ta yi masa ihu: "Wannan mai gurmin nan ne da ya rasu!" Wani lokaci kuma sai ya ga ta cire abin ta kifa kai a tebur.

Mutane suka fara zuwa, don labari ya fita. Akwai wani direban babbar mota da ya zo neman waƙar mahaifiyarsa, wadda aka ɗauka tun yana goye. Aka yi ta nema har Gwaggo ta gano wurin. A cikin guntun, mai gabatarwa ya ambaci matar, ta gyara murya, ta ja numfashi za ta fara, sai abin ya yanke. Direban ya sa a maimaita masa, a sake maimaitawa. Daga ƙarshe ya kama hannun Yaya da hannu biyu ya yi godiya. Anti ta ce ranar ko ruwa Yaya bai sha ba da ya dawo.

Daga baya gidan ya kama hayar rumbu a wajen wani kamfani, aka kashe na'urar sanyaya ɗakin, aka sallame shi bisa dalilin lafiya. Ya roƙa a ba shi matattun faifan, aka ba shi a kwali. Ya zauna a gida yana tari, ciwon ƙirjin da likita ya ce sanyin shekaru ne. Ba ya fita, don gaisuwa ma ta zame masa wahala. Da daminar da ta biyo baya ya rasu.

Bayan an watse daga zaman makoki, Anti ta jawo kwalin daga ƙarƙashin gado ta tambaye ni yadda za a yi da shi. Na kai wa wani mai gyaran kwamfuta, ya jujjuya ɗaya ya ce sai dai manyan masana na nesa, su ma ba tabbas. Na kira gidan rediyon, aka ce za a neme ni. Anti ta tashi daga gidan hayar ta koma wajen 'yarta, ta tafi da kwalin, don ta ce ba za ta iya miƙa wa mai sayen ƙarfe mutane ba.