Mai Waldar da Ba Shi da Ƙarfe

Shekara talatin da ɗaya Mai Walda yana narka ƙarfe a shagonsa na bakin titi. Ƙofa, taga, gado, matakalar bene, duk aikinsa ne. Mutumin kirki ne, amma wallahi taurin kansa ya fi na rodin da yake yankawa.

Bara ne faratansa suka fara lotsawa a tsakiya, bakinsu ya ɗago kamar ƙananan cokula. Da wani ne da ya tsorata. Gogan naka kuwa murna ya yi. Sai ya ɗora ƙaramin noti a farcen babban yatsa, ya yi ta zagaya shago yana cewa Allah ya ba shi ma'ajiya kyauta. Haki da jirin da ke damunsa kuma, wai zafin wuta ne.

Ranar da jiri ya kwashe shi a kan tsani, a hawa na biyu na wani sabon gini, ƙanensa da suke aiki tare ne ya cafko shi da ƙyar. Ya ƙwace kan waldar ya ce, "Yaya, ba ka ƙara hawa sama sai likita ya gan ka." Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Mai waldar da aka bari a ƙasa yana miƙa waya ai ya tashi daga oga ya koma ɗan kallo.

A asibiti wata likita ta ɗiga masa ruwa a farce, ɗigon ya zauna daram, ya ƙi gangarawa. Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta ce, "Baba, ƙarfe ne ya yi ƙaranci a jininka. Shi ya lanƙwasa faratan, shi ke kawo jirin. Za ka sha ƙwayoyin nan wata uku, ba hawa sama sai ka gama, kuma za mu bincika ko jini na zuba ta ciki."

"Ƙarfe?" in ji shi. "Ni? 'Yata, kin san sana'ata kuwa? Ƙarfen da na shaƙa ya isa a yi wa asibitin nan ƙofa, har da sakata!"

Ya dai karɓi maganin don kunya, ya cusa a aljihu. Tunda ƙarfe ake nema, ai gidansa aka zo. Washegari ya tattara garin ƙarfen da ke zuba in yana gurza, ya ƙunshe a takarda ya kai gida. Yana cikin barbaɗawa a shayi matarsa ta ritsa shi.

Ba ta yi faɗa ba. Ta zubar da shayin, ta ciro mayen ƙarfen da ke manne a jikin firij, ta ɗora masa a ƙirji. Mayen ya faɗo ƙasa. Ta ɗauka ta kai jikin gwangwanin madara, ya kama ƙam.

"To, Malam, ka gani? Gwangwani ma ya fi ka. Ko maye bai ga abin ci a jikinka ba."

Ya buɗe baki zai ce ai ita ma ba zai kama ta ba, sai ya ga idonta ya cika da ƙwalla.

"Ƙanenka ya gaya mini da hannu ɗaya ya riƙo ka," ta ce. "Hannu ɗaya! Tun ranar, ko babur na ji ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Tsoro nake ji, Malam. Ba na son a kawo mini kai a kwance."

Ya lalubo ƙwayoyin daga aljihu.

"Wata uku likitar ta ce?"

"Uku."

"A ƙasa?"

"A ƙasa."

Ya haɗiye da ruwa yana ɓata fuska. Da safe shi da kansa ya miƙa wa ƙanensa gilashin waldarsa, wanda bai taɓa barin kowa ya saka ba. Ƙanen ya hau. Shi kuma ya riƙe tsanin da hannu biyu, ya ɗaga kai yana ihu wai haɗin ya karkace. Bai karkace ba.