Hoton Inna Najaha a Shingen Iyaka

Munkaila mai hoto maƙwabcina ne a layin tasha, ni ina ɗinki, shi yana ɗaukar mutane. Tun yana saurayi ya tafi cin rani Kano, 'yan uwansa suka dawo da rediyo da atamfa, shi ya dawo da kyamara rataye a wuya. Shekara talatin yana wannan sana'a a Matameye. Biki, suna, hoton katin shaida wanda mutum ke fitowa kamar an kama shi da akuyar sata, duk aikinsa ne.

Da waya ta zo kowa ya zama mai hoto, amma Munkaila ya kafe a kan fim ɗin kyamara, wanda sai an wanke hoto ke fitowa. Taurin kai ne, na sha faɗa masa. Masu wanke fim a Damagaram duk sun bari, saboda haka sai ya tara kamar guda goma, ya kai wa wani tsohon abokinsa a Kano. Kafin tafiyar, cikin tukunyar ƙasa yake ajiye su a kan jiƙaƙƙen yashi, wai zafi na ɓata su. Matarsa ba ta samun wannan lallashin.

A unguwarmu akwai Inna Najaha, tsohuwar da ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. In aka ɗaga waya sai ta ja mayafi. 'Yarta Rukayya ta yi shekaru tana roƙo, har ran nan tsohuwar ta ce to, amma Munkaila kaɗai, don shi ba ya nuna wa mutum fuskarsa nan take. Ta yi kwalli, ta zauna a tabarma, ya ɗauka sau uku. Bayan kwana goma sha ɗaya ta rasu. Duk duniya babu fuskarta sai a cikin wannan fim.

Ranar da zai kai shi Kano muka shiga mota ɗaya, ni zan sayo zare da maɓallai. Kyamara biyu da fitilarsu suna cikin jaka, sauran fim ya jera su a kular abinci don sanyi. Na Inna Najaha kuwa ya naɗe shi a ƙyalle, ya sa a aljihun ƙirji. Mu tara a motar mutum biyar, amma hannunsa bai bar aljihun nan ba.

A shingen iyaka aka sauke mu. Wani mai kaki, wanda na tabbata an haife shi bayan Munkaila ya fara sana'a, ya buɗe kular yana tsammanin tuwo, sai ya ga 'yan gwangwanaye. Ya girgiza ɗaya a kunne, ya shinshina, ya tambaya ko ƙwaya ce. Munkaila ya yi bayani a tsanake, har mutumin ya fara gajiya yana shirin sallamar mu. Sai idonsa ya sauka kan hannun nan da ke dafe da ƙirji. Ya ce a fito da abin da ke ciki.

Nan Munkaila ya yi wautar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Da ya jefa shi cikin sauran, da an wuce. Sai ya miƙa da hannu biyu yana roƙo.

"Yallaɓai, don girman Allah, wannan kada a buɗe. Haske ke kashe shi. Hoton mamaciya ne."

Ka ce wa mai bincike kada ya buɗe abu? Ya zaro wuƙa ya ɓalle murfin, ya jawo fim ɗin tsawon gaba guda, ya ɗaga shi sama yana kallo da tsakar rana, kamar mai duba yadi. Ni na yi magana, direba ya taka mini ƙafa. Sauran fasinjoji kowa ya sunkuyar da kai, wata ma tsaki take yi wai muna ɓata mata lokaci. Ban san wanda ya fi ba ni ƙyama ba, mai wuƙar ko mu da muka tsaya kallo.

"Baba, ai babu komai a ciki," in ji shi. "Kai da ka ce hoto ne?"

Ya dunƙule shi ya mayar masa, har da cewa Allah ya kiyaye hanya. Munkaila ya karɓa ya ce amin. Wannan amin ɗin ta fi komai ƙona mini rai. Muka isa Kano. Duk da haka ya ba abokinsa fim ɗin ya wanke, ko Allah zai sa wani gefe ya tsira. Ya fito baƙi ƙirin daga farko har ƙarshe.

Da muka dawo ya roƙe ni in raka shi gidan Rukayya. Muka yi sallama, ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Kafin ya buɗe baki ta shiga ɗaki da sauri, ta fito rungume da katakon hoto mai gilashi da ta sa kafinta ya yi mata. Ta goge gilashin da gefen zanenta, ta miƙa masa.

"Malam Munkaila, duba mini, zai shiga ko a rage?"