Laimar Kawu

Jiya a tashar jirgin ƙasa na metiro ta Château Rouge wani mutum ya juyo da tsinin laimarsa saitin cikina. Na make ta ƙasa kafin in yi tunani. Ya zage ni, ni kuwa Kawu na tuna.

Tsohon soja ne, yayan mahaifiyata, a unguwar Guillotière ta birnin Lyon yake zaune. Ina shekara tara na dame shi sai ya koya mini harbi. Laimarsa ya miƙo mini. Sati uku ina yawo da ita a matsayin bindiga, ko yaushe tambayarsa ɗaya: “Ina bakinta yake kallo?” Na tsani tambayar nan.

Wata Laraba da babu lakwal, wato makaranta, ya kai ni wurin koyon harbi a bayan Lyon, ɗaki mai sanyi da warin mai. Aka ba ni bindigar iska. Na auna kwalin da ake harbi, na ja kunama, shiru. Haushi ya kama ni, na juyo da ita gaba ɗaya.

“Kawu, wannan matacciya ce!”

Bai motsa ba. Bakinta yana kan maɓallin rigarsa, yatsana yana kan kunama.

“’Yata,” ya ce a hankali, “ina bakinta yake kallo?”

Na ɗaga yatsa, na mai da bakin bindigar wajen bango. Ya buɗe ta, ya zaro ƙwayar dalma, ya sa mini a tafin hannu.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa inda fuskarka take kallo yanzu Aljanna ce.