Sunan da Ke Ƙarƙashin Kalma

Makarantar firamaren da ke bayan gidanmu a Lugbe tana shirin wasannin ƙarshen zango. Jiya da hantsi ina shanya sai na ji ƙamshin ciyawar da aka yanke, haɗe da warin jiƙaƙƙiyar farar ƙasa. Na leƙa ta kan katanga, na ga wani dattijo a duƙe yana zuba layi a fili, igiya a miƙe tsakanin turaku biyu. Na daɗe a tsaye, rigar ɗana tana ɗiga a hannuna. Warin kakana ke nan, Allah Ya jiƙansa.

Bari in ba ka labarinsa a hankali, mai karatu, don ba labarin da ake yi da gaggawa ba ne.

Kakana, mahaifin babana, ya sauke Alƙur'ani ya karanci littattafai tun yana saurayi, amma bai taɓa zama a ajin boko ba. Lokacin da ake gina Abuja ya sami aiki a sansanin wasu Turawa masu yin tituna da gadoji. Shi ke kula da filayen wasansu: ya yanke ciyawa, ya yi ban ruwa, ya zuba layi. Suna da filin ƙwallon ƙafa, da na tanis, da wani na kurket, wasan ƙwallo da sanda, da suke bugawa ran Lahadi. Da aikin ya ƙare ya dawo Kuje ya kama noma. Abin da ya dawo da shi daga sansanin bai wuce tsohuwar rediyo da wani littafin rajista mai baƙin bango ba.

Ta hannun dama ya fara littafin, kamar yadda ake fara littattafanmu. A kowane shafi akwai kalmar Turanci guda ɗaya da ajami, da jar tawada, da cikakken wasali yadda kunnensa ya ji ta. Ƙarƙashinta bayani da Hausa, da baƙar tawada. Can ƙasa kuma, da ƙananan haruffa, sai sunan wanda ya ji kalmar daga bakinsa da wurin da ya ji ta. Dogon Bature mai awon titi, a bakin raga. Matar likitan sansani, bayan ta sha kaye. Kukun sansani, Bayerabe, a bayan kicin. Ba ya barin kalma ta kwana a littafin ba tare da wannan layin ba.

Ladan na unguwarmu ya taɓa yi masa magana, wai haruffan da ake rubuta addini da su ba su dace da wasan banza ba, balle a jera sunayen waɗanda ba sa sallah. Kaka ya ce, “Malamaina ba su taɓa karantar da ni layi ɗaya ba sai sun faɗi daga wa suka karɓa. Duk abin da ka sani wani ne ya ba ka. Ka faɗi sunansa, ko yana sallah ko ba ya yi.”

Ina shekara goma yanar ido ta fara hana shi gani. Jikokinsa maza ƙwallon suke so, ba rubutun ba. Ni ce na zauna ya koya mini hannunsa, har na iya riƙe alƙalamin kara ba tare da na ɗiga tawada ba. Daga nan ya daina kirana da sunana. Magatakarda, in ji shi.

Ran Asabar bayan la'asar ake majalisarsa, a gindin mangwaron ƙofar gida. Da damina ƙasa tana sanyi, ganye yana ɗigo ko bayan ruwa ya ɗauke, ana jin ƙamshin masara da ake gasawa a cikin gida. Tela zai rufe shago ya zo. Ladan zai zo, duk da wa'azinsa. Maƙwabcinmu Gbagyi, manomin doya, zai zo da kujerarsa a kafaɗa. Rediyo tana ta sambatu da Turanci, Kaka ya kara kunne, yana juya musu wasan da Hausa. In an tafi hutun rabin lokaci sai a buɗe littafi.

Darasin da suka fi so shi ne na babu.

“Ku dai da babu ɗaya kuka sani,” in ji shi. “Bature kuwa, ko ba shi da komai sai ya raɗa wa babun suna. A ƙwallon ƙafa, in ba ka ci ko ɗaya ba, nil. A tanis, lof, kalmar da suke faɗa wa matansu in suna ƙaunarsu. A kurket, in ka fita ba ka samo komai ba, dok, wato agwagwa.”

“Agwagwar me ta yi musu?” in ji tela.

“Na tambaya. Dogon ya ce sifiri ne ya yi kama da ƙwanta. Magatakarda, haka ne a rubuce?”

“Haka ne, Kaka.”

“To kun ji. Kuma mutanen da suka auna gadar da kuke bi ba su iya ƙirga tanis ba. Sha biyar, talatin, sai arba'in. Ina biyar ɗin ta tafi? Na tambayi mutum huɗu, kowa da amsarsa, shi ya sa na bar wurin fari.”

Haka ya bayyana musu hat-tirik, mutum ɗaya ya ci uku a wasa ɗaya, da yadda aka ce a da hula ake ba ɗan kurket in ya fitar da mutum uku a jere. Haka kilin-shit, mai tsaron gida ya tashi wasa ba a zura masa ko ɗaya ba, takardarsa fes. Satar gida kuwa da tsakuwa yake nuna ta a ƙasa, har sai da maƙwabcinmu ya gane, ya riƙa kama 'yan wasa da laifi tun kafin alƙali ya busa.

Ina da wani yaya, ɗan baffana, wanda ya yi jami'a ya sami aiki a wata ma'aikata a cikin gari. Kaka yana ji da shi ƙwarai. In ya zo sai su yi ta tsokanar juna. “Ɗan boko, ka zo cin tuwon banza?” “Tsoho, ai na zo duba ko ka bar mini gadon rediyon nan ne.” Wata Asabar ya tarar da majalisa, ya zauna, ya saurara har ƙarshe, ba ya ko taɓa wayarsa. Da aka watse ya ce wani abokinsa yana da shirin wasanni a gidan rediyo, kuma wannan ilimin bai kamata ya tsaya a gindin mangwaro ba. Zai mayar da shi boko, a karanta wa duniya.

“Da sunayen?” in ji Kaka.

“Da naka a gaba, tsoho. Sannan nasu.”

Yaya yana karanta Alƙur'ani bugun zamani, amma rubutun hannun tsofaffi ya fi ƙarfinsa. Saboda haka Asabar uku a jere yana zuwa da kwamfutarsa, mu zauna a zaure, ina karantawa yana bugawa. A shafin farko na karanta kalma, na karanta bayani, na gangaro kan ƙananan haruffa. Ya ɗaga hannu.

“Tsallake wannan, ƙanwata, lokaci na tafiya. Zan kwashe su daga littafin daga baya.”

Na san ba zai iya kwashe su ba. Ni ce fa nake karanta masa. Amma babba ne, yana ƙamshin turare, yana ce mini ƙanwata, kuma ya ce zan ji sunan Kaka a rediyo. Na tsallake. Shafi bayan shafi ina tsallakewa, kuma ban gaya wa Kaka ba. Wannan kason nawa ne a cikin abin da ya faru, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

A Asabar ta uku ya ce zai tafi da littafin a ɗauki hotonsa, don kada asu ya ci. Kaka ya shafa bangon da tafin hannunsa, ya daɗe, sannan ya miƙa. “Amana ce.” “Haba tsoho, sati ɗaya.”

Ranar da za a sa shirin, Kaka ya sa rigarsa ta Juma'a alhali Asabar ce. Ya aika aka sayo sabon batir da goro. Aka ƙara tabarmi biyu, don labari ya zaga unguwa, har matan gida sun taru a bakin zaure. An yi ruwa da rana, yamma ta yi haske, kaji suna tono a gefen kwata.

Muryar Yaya ta fito, a natse, kamar an haife shi a gaban makirfo. Ya fara da babu. Bature ko ba shi da komai sai ya raɗa wa babun suna, in ji shi, mai gabatarwa ya fashe da dariya. Tela ya bugi cinyarsa. “Malam, maganarka ce wannan, ko wasali bai canja ba.” Kaka ya yi murmushi ya ce a yi shiru, sunaye na tafe. Aka yi agwagwa, aka yi hula, aka yi biyar ɗin da ta ɓace.

Wani ya bugo waya daga Sheda yana tambayar abin da ake nufi da fakin-da-bas. Yaya ya ce sabuwar magana ce: ƙungiya ta koma gida gaba ɗaya tana tsaro, kamar ta kawo motar bas ta gindaya a bakin raga. Kaka ya ɗaga kai. “Wannan ban taɓa ji ba,” ya ce a hankali.

Saura minti kaɗan mai gabatarwa ya ce, “Oga, gaskiya ka burge mu. A ina ka samo duk wannan?”

Na ga Kaka ya gyara zama, ya gyara hula.

“Bincike ne na shekaru,” in ji Yaya. “Na sha zaman laburare. Ka san irin wannan ilimin ba a samunsa a wajen mutanenmu na gida.”

Aka sa kiɗan rufewa. Ba wanda ya kai hannu ya kashe rediyon, har aka shiga talla. Maƙwabcinmu ya yi gyaran murya ya ce da Hausarsa, “Malam, wannan yaro ta manta ne kawai.” Kaka ya ce, “Wataƙila.” Ladan ya tashi wai zai je alwala, alhali da sauran lokaci kafin magariba. Ɗaya bayan ɗaya suka zame. Goron yana nan a faranti, ba a ko fasa ba.

Da muka rage mu biyu ya ce, “Magatakarda, ɗauko takarda da tawada.”

Na yago fallen takarda daga littafin makarantata. Ya sa na rubuta fakin-da-bas da ja, muka yi gardamar wasalinta kaɗan, na rubuta bayanin da baƙi. Na ajiye alƙalami.

“Saura.”

“Ba zan rubuta ba, Kaka.”

“Daga wa muka ji?”

“Ya ce ba a samun ilimi a wajenka. A gaban kowa ya faɗa.”

“Na ji, ai kunnena bai mutu ba. Shi ya san abin da zai gaya wa Ubangiji game da tasa takardar. Wannan tawa ce. Rubuta: daga jikana, a rediyo, ran Asabar.”

Na rubuta sunan Yaya. Hawaye ya ɗiga kan harafin ƙarshe ya baje. Kaka bai gani ba, ya dai karɓi takardar ya hura mata iska.

Littafin bai dawo ba. Sati ɗaya ya zama wata, wata ya zama shekara. In an tambayi Yaya sai ya ce yana ofis. Yana wurin mai hoto. Shirin kuwa ya karɓu, Yaya ya zama baƙon kowane mako. Majalisa ta ci gaba, amma Kaka ya rage magana. Ranar da na ga abin ya kai masa har ƙashi ita ce ranar da wani saurayi ya tsaya a gindin mangwaron yana koya masa ma'anar lof, ya ƙare da cewa, “Baba, ka riƙa sauraron jikanka, za ka ƙaru.” Kaka ya ce, “In sha Allahu.” Daga ranar bai sake fassara wasa ba.

Damina biyu bayan haka ya rasu. Ran addu'ar bakwai na tare Yaya a zaure na tambaye shi littafin. Ya ɗan yi tunani. “Wannan tsohon rajistan? Ina jin lokacin da muka tashi daga gida ne aka haɗa da shara. Ai duk abin da ke ciki yana kwamfuta, ƙanwata.” Ni da shi duka mun san abin da ba ya cikin kwamfutar.

Muna gaisawa har yau. Ina zuwa sunan 'ya'yansa, yana zuwa na nawa, don zumunci umarni ne. Ina roƙon Allah Ya wanke mini zuciya a kansa, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ba ta gama wankuwa ba.

Yanzu ɗana in bai gane kalma a wasa ba, waya yake tambaya. Kafin ya ƙifta ido ta ba shi amsa, daidai kuwa, wani lokaci har fiye da abin da Kaka ya sani. Sai dai amsar tana zuwa ita kaɗai, kamar ba ta taɓa bi ta bakin kowa ba. In ya kawo mini ina tambayarsa, daga wa ka ji? Sai ya dube ni yana dariya, ya ce, “Umma, ai kowa ya sani.”

Na yi ƙoƙarin tuno sunayen nan. Dogon mai awon titi, matar likita, kuku: siffarsu ta zauna mini, sunayen sun tafi, don Asabar uku na yi ina zuwa kansu ina tsallakewa. Fallen takardar nan kaɗai ya rage, yana cikin akwatina, ninki huɗu, jar tawadar ta koma ruwan ƙasa. A cikin duk mutanen da kakana ya karɓi kalma daga bakinsu ya riƙe musu amana, suna ɗaya ne ya tsira a rubuce. Da hannuna na rubuta shi.