Allon Yumɓu na Barikin Makarfi

Shekara biyu ko uku bayan samun 'yancin kai aka kira ni Makarfi gyaran wani tsohon bariki da Turawa suka bari. Ni magini ne daga Hunkuyi, da zanen bango aka san ni. Ina kankare tsohuwar farar ƙasa a falo sai wuƙata ta ci karo da abu mai tauri. Ashe allo ne na gasasshen yumɓu aka manna a bangon, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Siffar mace ce ta taso daga jikinsa, ta rungumi tulu, mayafinta ya zubo ninki-ninki.

Maigadin barikin, wani tsohon soja, ya ce wani Bature ne ya zo da shi daga ƙasarsu, wai allon ya girmi kakan Baturen.

"Wa ya yi shi, baba?"

"Oho! Ɗauke abinka, mai shigowa gidan ba ya son gunki."

Da na ciro allon, a bayansa na tarar da haruffan boko uku da shatin babban yatsa. Na ɗora nawa a kai, nasa ya fi siriri.

Daga ranar zama ya gagare ni. Ninkin mayafin nan ya hana ni sakat. Yaya mutum ya sa yumɓu ya kwanta kamar zane, ya shiga wuta bai tsage ba? Na hau keke sai Likoro, wurin gwaggona mai ginin tukwane. Ta ƙwanƙwasa allon, ta kara kunne.

"Wannan ya tace ƙasarsa kamar gasara," in ji ta. "Kuma ba ya gaggawa. Kai kuwa, ɗan nan, ko tuwo ba ka bari ya huce."

Na gwada yin mayafin kaɗai, ban da matar, don yayana malami ne, ya riga ya ja mini kunne. Sau bakwai yana fashewa a wuta. Na takwas ya fito lafiya, amma kamar naɗaɗɗiyar tabarma. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye.

Da yayana ya ce allon ba zai ƙara kwana a gidanmu ba, na kai wa wani malamin firamare a Kudan ajiya. Ya duba haruffan, ya ce farkon suna ne kawai, zai tambaya a Zariya. Kafin kaka aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da shi. Na daɗe ina cigiyarsa wurin direbobi a tasha, ba wanda ya san inda aka kai shi.