Goyon Tsumma

Ni mai fura ce a kasuwar Mai'adua, kuma duk rumfunan nan babu wadda ta kai ni baki. Idan na buɗe shi, mai ƙoshi ma sai ya saya. Bakin nan shi ya kai ni ya baro.

Wani direban Kongolam, can bakin iyaka, shi ne ya fara kawo mini maganin yara da lokacinsa ya wuce, na riƙa sayarwa a gefen ƙwarya. Da na ga ba wanda ya tambaya, sai na koma ɗura zoɓo da sukari a tsofaffin kwalaben maganin. Wata ranar kasuwa wata mata daga Baure ta zo da ɗanta, jikinsa kamar garwashi. Ta ce, "Inna, in wuce asibiti?" Na ce, "'Yata, me za ki yo a layi? Ga magani a hannunki." Ta koma gida. Yaron bai tashi ba.

Aka kama ni, aka ɗaure ni. A gidan yarin Daura wata malama ta riƙa zuwa da ɗalibanta, suna koya mana wani tsohon wasan kwaikwayo na mutanen da, a kan garin da annoba ta cinye. Na ce ni ce sarauniya. Ta ce, "A'a, Baba, ke ce uwar da ɗanta ya mutu." Ta ɗora mini ƙullin tsumma a hannu, wai shi ne ɗan.

Da aka sake ni na tuba, na bi malamar da ɗalibanta asibitocin ƙauye muna yi wa mata wasan ranar awo. Kullum sai na duba fuskoki kafin in fara. A Baure, ina tsakiyar kukan wasa, wata mata ta taso daga benci ta gyara mini riƙon tsumman. Ta ce, "Inna, ba haka ba ne. Kan yakan faɗa baya." Ta koma ta zauna. Ita ce. Na nemi gafararta a gaban jama'a, ba ta ce mini komai ba, har yau.

Ku yara, kada ku ci abinci da ciwon ɗan wani. Alƙali ya yanke mini shekaru, na gama su. Shirun matar nan kuwa, da shi za a binne ni.