Malam Shiomi da Maɓallan Baba Tokuzo

Kullum da safe, kafin jirgin ƙasa ya wuce ƙauyenmu, za ka ji ƙarar keken Malam Shiomi yana gangarowa daga tudu. Sai ya tsaya a rumfar kayan lambuna, wadda ba mai tsaronta sai gwangwanin da masu saye ke jefa kuɗi, ya zaɓi kokwambarsa, ya jefa yen ɗinsa, sannan ya ƙwala mini kira cikin gona: "Iya Fusae, har yau ba a gudu da bankin naki ba?" In ce, "Sai dai in kai za ka fara, Malam." Ya yi dariya, ya wuce tasha ya kama jirgi zuwa jami'a koyar da tattalin arziki.

Bana ya yi ritaya. Ya rubuta littattafai a kan kuɗi da jari-hujja. Ya ba ni guda, kuma ya yi mini rana, don shi ke tokare da ƙafar teburin rumfa. Tambaya ɗaya ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai: me zai sa mutum ya ba da abincinsa ya karɓi takarda? Amsarsa wai don ya yarda na gaba ma zai karɓa. Na ce, "Yanzu a kan wannan ake ba ka albashi?"

To, bari in gaya muku ranar da na daina yi masa wannan tsiyar.

Wata damina na fara buɗe gwangwani ina tarar da maɓallan riga. Kabeji ya tafi, maɓalli ya zo. Ba ni kaɗai ba, har Isamu mai awara. Aka kira taron unguwa. Isamu, wanda bakinsa ya fi awararsa zafi, ya ce a kafa kyamara a kunyata ɓarawo.

Malam ya ce, "Ba ɓarawo ba ne. Ɓarawo ba ya biya. Na gan shi, Baba Tokuzo ne."

Baba Tokuzo tsohon tela ne, shi ya ɗinka kayan makarantar rabin mutanen da ke zaune a wurin. Tsufa ya fara rikita masa tunani. 'Yarsa Kayoko da ke aiki a Osaka ta riga ta faɗa: in ya sake yin wani abin da zai dami maƙwabta, za ta kai shi gidan kula da tsofaffi. Shi kuwa duk mun sani, ranar da aka raba shi da gidansa da keken ɗinkinsa, an gama da shi.

Isamu ya sassauta murya. "To Malam, kai mai albashi, ka riƙa biya masa mana."

"In na biya, sadaka ce, kuma ranar da na mutu ta ƙare. Ku dai karɓi maɓallan."

"Mu karɓa mu dafa?"

"Iya Fusae ta karɓa daga Baba. Kai ka karɓa daga Iya, ka ba ta awara."

"Ni kuma in kai wa wa? Matata?"

"Ka kai wa mai su. Kansa ne ya manta, hannunsa bai manta ba. Dubi aljihun rigarka a yage tun bara. Kai masa ya gyara, ka biya shi da maɓalli."

Aka fashe da dariya, Isamu na ƙoƙarin rufe aljihu. Amma washegari Malam ne ya fara zuwa. Ya ba ni yen ya karɓi maɓalli biyu, ya ɗauki tsohuwar kwat ɗinsa ya nufi gidan tela. Na bi shi don gulma. Baba Tokuzo bai gane shi ba, amma da ya taɓa yadin sai ya gyara zama ya ce, "Wane mugun ne ya yi maka wannan ɗinkin?" Ya ja zare.

Tun daga nan maɓallai ke yawo a ƙauyenmu. Mai wanki na karɓa, mai aski na karɓa. Ba na ce ba a asara ba. Wani lokaci kabeji ya fi ɗinkin tsada, kuma Malam bai taɓa ɓoye mana haka ba. Ya ce kasuwa ta iya lissafin komai, abu ɗaya ne ba ta sani ba: inda za ta ajiye mutumin da ya daina sauri. Wannan, in ji shi, aikin maƙwabta ne.

Da Kayoko ta zo hutun sabuwar shekara, da niyyar tafiya da shi ta zo. Ta tarar da mutane a zaune suna jiran ɗinki. Ta miƙa masa rigar sanyinta, ta ce, "Baba, nawa ne gyaran hannu?"

Ya ce, "Maɓalli ɗaya, 'yammata. Ba ragi."

Ta buɗe jaka, duk takardun kuɗi, ba maɓalli. Malam ya tsinke na wuyan rigarsa ya ba ta. Ta koma Osaka ita kaɗai.

Malam Shiomi, kai ne ka yi shekaru kana gaya wa ɗalibai cewa kuɗi yarda ce, sannan ka sauko daga tudu ka fara yarda kafin kowa. Mai tsohon keke, mai tambayar da ba ta ƙarewa! Jaridu ba su san ka ba, mu mun san ka. Mun gode, ni da Isamu da Kayoko, da wani tsoho da bai san sunanka ba amma ya san awon kafaɗarka.

Ku kuma masu ilimi, ku yi koyi da shi. Abin da kuka karanta, ku fito da shi ƙofar gida ku ga ko zai iya riƙe maƙwabci.

Yau da safe na ji keken, ko da yake ba jirgin da zai kama. Na ji abu ya faɗa gwangwani, kuma ba ƙarar yen ba ce. Na ce, "Malam, ritaya ta fara cizo ke nan?" Ya ce, "Iya, kuɗin garinmu ne. Ko ba kya karɓa?"

Ina karɓa, Malam. Duk muna karɓa.